Lanƙwasa da 'yan'uwanta: tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da Hausa a wata sakandaren ƙauye da ke tsakanin Ringim da Jahun. Wata rana na ce wa ɗalibaina su kwatanta mini a rubuce yadda kogi yake tafiya idan mutum ya hango shi daga kan gada. Kusan duk ajin abu ɗaya suka rubuta: "yana da kwana da yawa." Ba ƙarya suka yi ba, amma abin ya tsaya mini a rai, domin iyayen yaran nan suna da kalma fiye da goma ta faɗin wannan siffa, kuma kowace da gurbinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da abokan aiki da wasu dattawan garinmu suka riƙa yi mini tun daga ranar.

Mece ce ainihin ma'anar lanƙwasa?

A ɗauki abin da yake a miƙe a karya masa miƙewar ba tare da an karya shi kansa ba. Wannan ita ce lanƙwasa. Ka lanƙwasa waya, ka lanƙwasa reshe, ka lanƙwasa gwiwa ko yatsa, kuma duk abin yana nan ɗaya bai rabu biyu ba. Da zarar ka ji "ƙas", an bar lanƙwasa an shiga karya.

Kalmar aikatau ce, amma muna amfani da ita a matsayin suna: lanƙwasar hanya, lanƙwasar kogi, lanƙwasar ƙaho. Kishiyarta miƙewa, shi ya sa ake cewa hanya ta miƙe ɗoɗar ko sanda ta miƙe samɓal.

Malam, me ya sa wani lokaci ake cewa lanƙwasa, wani lokaci lanƙwashe, wani lokaci kuma lanƙwasu?

Saiwa ɗaya ce, wasalin ƙarshe ne yake sauya aikin. Masana nahawu sun kasa aikatau na Hausa aji bakwai, bisa tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, kuma wannan kalma tana shiga da yawa daga cikinsu. Idan ka ce "na lanƙwasa rodi", kai ka yi aikin. "Rodin ya lanƙwashe" na nufin abin ya faru ya gama, wataƙila ma ba da son kowa ba, kamar a ce mota ta taka shi. "Lanƙwaso mini reshen nan" na nufin a jawo shi wajen mai magana, irin yadda yarinya take ce wa yayanta idan tana son tsinkar magarya. Shi kuwa "ya lanƙwasu" yana nuna abin ya karɓi aikin sosai, daga nan ne muke samun "wannan ƙarfe ba ya lanƙwasuwa". Siffar kuma ita ce lanƙwasasshe, lanƙwasasshiya, lanƙwasassu, sannan ana cewa abu yana nan a lanƙwashe.

Waccan "sh" da ke fitowa ba kuskuren baki ba ce. A Hausa, idan "s" ta zo gaban "e" ko "i" a irin wannan sauyi, takan koma "sh": fasa da fashe, rasa da rashi. Haka "t" take komawa "c", kamar sata da sace, "d" ta koma "j", kamar gudu da guje, "w" kuma ta koma "y", kamar ɓarawo da ɓarayi. A riƙe wannan na ƙarshe, za mu sake haɗuwa da shi.

To idan abu ya lanƙwashe nan, ya dawo ya lanƙwashe can, ya yi ta yin haka kamar tafiyar maciji fa? Muna da kalma guda?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma yawanci masu yin ta suna neman kalma ɗaya ce tak da za su ajiye a gurbin wata ta Turanci. Hausa ba ta bi ta nan ba. Abin da take yi shi ne ninka kalmar, yadda siffar kanta take ninkuwa. Za ka ce hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, ko waya ta lallanƙwashe. Kunne da kansa yana jin maimaicin.

Sannan ana duba ta wace fuska abin yake kaiwa da komowa. Idan hagu da dama ne, kamar burtali ko rafi ko sawun maciji a kan rairayi da sassafe, lanƙwashe-lanƙwashe ne ko murɗe-murɗe. Idan sama da ƙasa ne, sai mu ce hawa da gangara, ko tudu da kwari, ko mu aro daga gona mu ce wurin ya yi kunya-kunya. Hanyar da ba kwalta, wadda motoci suka bi har fuskarta ta yi ƙananan tuddai a jere suna girgiza haƙoran ɗan acaɓa, ita ce mai gargada. A kan ruwa kuwa igiyar ruwa ce, manyan kuma a ce raƙuman ruwa, saboda tozon. Idan iska ta bi ta kan gonar shinkafa a fadama, ba ma cewa shinkafar ta lanƙwashe sai in ta kwanta. Cewa muke tana kaɗawa ko tana rausaya.

Ni a ganina wannan wadata ce. Mai cewa "gargada" ya riga ya gaya maka girman tuddan, ya gaya maka a kan me suke, har ma ya gaya maka yadda jikinka zai ji.

Da lanƙwasa da tanƙwara da lauya, ba duk ɗaya ba ne?

Suna maƙwabtaka, har wani lokaci ɗaya takan shiga gidan ɗaya ba sallama. Amma ga yadda kunnena yake rarrabe su, kuma a maƙerar kakana na fara koyo.

Tanƙwara tana ɗauke da ƙarfi da gardama. Abin yana so ya koma yadda yake, kai kuma kana danne shi. Mai yin baka tanƙwara itace yake yi kafin ya ɗaura tsarkiya. Mai haɗa tsaikon ɗaki ko mai saƙa akurki yakan yanko tsumagu ɗanyu ya tanƙwara su tun ba su bushe ba. Shi ya sa karin maganar ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kowa ya san tarbiyyar yaro ake nufi.

Lauya ita ce a bi da abu a hankali har ya zagayo ya doshi da'ira. Na sha zama ina jan zuga-zugi ina kallon tsohon yana ƙera lauje. Zai sa ƙarfen cikin gawayi har ya yi jawur, ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora a gefen uwar maƙera, ba a tsakiyarta ba. Daga nan sai ƙananan bugu, yana bugu yana juya hannu kaɗan-kaɗan, ya mayar wuta, ya sake fitowa da shi. Ba ya taɓa yi masa bugu ɗaya mai ƙarfi, domin wannan gwiwa zai fitar, kuma lauje mai gwiwa tara ciyawa yake yi a lungu ɗaya maimakon ya zame ya yanke. Idan ya gama sai ya ɗaga shi sama ya rufe ido ɗaya ya bi bayansa da kallo tun daga ƙota har tsini. In ya ga inda layin ya tsaya ya yi kusurwa, sai ya ce, "Jikana, ƙara wuta, bai lauyu ba."

Lanƙwasa ita ce uwa, ta rungumi duka biyun. Duk abin da aka tanƙwara ko aka lauya an lanƙwasa shi, amma idan ka lanƙwasa gwiwarka ba wanda zai ce ka lauya ta. Murɗa kuma daban take, ita juyi ce a kan jikin abin, kamar matse wanki ko tufka igiya. Naɗi shi ne a yi ta zagayawa, shi ya sa ake cewa maciji ya yi gammo.

Me ya raba lanƙwasasshe da karkatacce?

A nan ne nake roƙon ɗalibaina su tsaya su natsu, domin a nan aka fi yin ɓarna. Karkata tana nufin abu ya bar daidai. Akwai inda ya kamata ya tsaya, sai ya zame gefe: bango ya karkace, kaya sun karkace a bayan jaki, layin shuka ya karkace, hula ta karkace. Kalmar tana ɗauke da hukunci a cikinta, kana faɗinta ka riga ka ce akwai gyara.

Lanƙwasa ba ta yanke wa kowa hukunci. Ƙahon bijimi a lanƙwashe yake, kuma haka Allah ya yi shi. Lauje a lanƙwashe yake, in ka miƙar da shi ka kashe masa aiki. Haƙarƙarin mutum, ƙugiyar masunci, jinjirin wata, marfin kwando, bakin tulu, duk lanƙwasarsu ita ce daidansu. Har lauje yana iya karkacewa, wato idan ruwansa ya goce daga saitin ƙota, alhali lanƙwasarsa tana nan lafiya lau. Wanda ya gane wannan misali ya gama gane bambancin.

Abin da ya sa na damu shi ne na taɓa ganin yaro ya rubuta cewa bakan gizon soron kakansa, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da rufi daga ciki, "karkatacce ne", yana nufin yabo. Da maginin yana raye ya ji haka, da ranar bai ci tuwo da daɗi ba.

Laifi ne a ce "kwana"?

Ko kaɗan. Kalmar aro ce daga Turanci, ta zauna daram, har ta sa wa garuruwa suna: Kwanar Dangora a hanyar Zariya, Kwanar Huguma inda ake ratsewa zuwa Dutse, Kwanar Gafan mai kasuwar tumatir. Direba ya sha kwana, mai wayo yana kwane-kwane a magana. Abin lura kawai shi ne kwana wuri guda ce da ake juyawa, kuma ta fi dacewa da hanya da gini. Ba a cewa ƙaho yana da kwana, ko gira, ko wuyan raƙumi.

Me ya sa kogi ba ya tafiya a miƙe, tunda ruwa gangara yake nema?

Wanda ya tashi a bakin Kogin Haɗeja ya ga amsar da idonsa, ko da bai sa mata suna ba. Kogin Kano da Kogin Calawa ne suke haɗuwa su zama shi, ya bi ta Wudil da Ringim ya nufi Haɗeja, daga bisani ruwansa ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Daga Wudil zuwa gabas ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gangarar kaɗan ce, gaɓar kuma rairayi da laka ce mai saurin zaizaya.

A irin wannan ƙasa, da zarar ruwa ya ɗan goce gefe, ko saboda kututture ko saboda wani tudun yashi, shi ke nan an fara. Ruwan da ke bin bayan lanƙwasar ya fi gudu, sai ya riƙa cin gaɓar can yana zurfafa ta. Na cikin lanƙwasar kuma a hankali yake tafiya, sai ya riƙa sauke yashin da ya ɗauko. Shekara bayan shekara bayan yana ƙara ciyuwa, cikin yana ƙara cika, lanƙwasar tana ƙara faɗi. Ruwan da ya fito daga wannan kuma sai ya bugi ɗaya gaɓar a gaba, ya fara wata lanƙwasar ta kishiyar hannu. Shi ya sa a wuri guda za ka ga gaɓa ɗaya a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyin bishiya a waje, ɗaya gaɓar kuma rairayi ne shimfiɗe inda mata suke wanki. Masunta sun san zurfi yana bayan lanƙwasa, iyaye kuma can suke hana yara wanka.

Wani lokaci lanƙwasar takan lauyu har bakinta biyu su kusa haɗuwa. Ranar da aka yi babbar ambaliya sai ruwan ya fasa ta tsakani ya miƙe, ya bar tsohuwar hanyarsa ta zama tafki mai siffar lauje. Irin waɗannan wurare ne suke riƙe ruwa har cikin rani, a yi su a yi lambu. Kuma wannan tafiyar ta kogi ce take jawo rigimar gona, domin wanda gonarsa take bayan lanƙwasa kullum raguwa take, na ciki kuma tasa tana ƙaruwa ba da ya saya ba. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Calawa da ta biyo baya a 1992 sun sauya yawan ruwan da lokacin zuwansa, amma ba su hana shi wannan hali ba.

An ce sunan Jigawa ma yana da alaƙa da wannan siffa?

Jigawa ita ce tudun rairayi, jam'inta jigayi. Ga "w" ɗin nan da ta koma "y". Sunan jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991 daga nan ya fito. Wanda ya bi hanyoyin yankin Jahun a kan babur ya san yadda ƙasar take: ka hau a hankali, ka gangara cikin kwari mai ɗan danshi, ka sake hawa. Waɗannan tsofaffin tuddan yashi ne da iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yau. A jere suke daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato hanyar da iskar hunturu take bi har gobe. Da damina ta dawo sai ciyawa da itatuwa suka kama su suka zauna. Masu rai, waɗanda iska take tafiya da su har yanzu, sai ka je Tulo-Tulowa a Yusufari ta Jihar Yobe.

Manomi bai taɓa ɗaukar wannan hawa da gangara da wasa ba. Gero da gyaɗa da wake a kan jigawa, dawa a inda ƙasa ta fi nauyi, shinkafa da rake a fadama. Kuma mai hankali ba ya jan kunya ta bi gangara, yakan gitta ta ne ta bi lanƙwasar tudun, don kowane kwari ya tare ruwa maimakon ya zama masa hanyar gudu da taki.

Bakan gizo fa, na sama ne ko na soro?

Duka biyun, kuma daga bakan maharbi aka aro siffar. Na sama yana fitowa ne idan rana tana bayanka, yayyafi yana gabanka, shi ya sa da yamma a gabas ake ganinsa. Haske yana shiga ɗigon ruwa ya karye ya rabu launi-launi ya dawo wa ido a kusurwar da ta kai kimanin digiri 42, kuma duk ɗigon da suke kan wannan kusurwa da'ira suke yi. Ƙasa ce take tare rabin. Muna yara ana ce mana ya fito ne ya shanye ruwa.

Na soro kuwa fasahar maginan Hausa ce. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai da nauyin ƙasa a kanta. Sai magina suka riƙa dasa gajerun azara a jikin bango, kowane sahu ya ɗan fi na ƙasansa leƙowa ciki, a ɗaure da igiya, a yaɓe da ƙasa, a bari ya sha iska, a ƙara wani, har na hagu da na dama su haɗu a sama. Abin mamakin shi ne kowace azara a miƙe take, haɗuwarsu ce ta ba da lanƙwasar. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, shi ne aka fi buga misali da shi, kuma ana ganin irin wannan aiki a Gidan Makama a Kano da zaurukan hakimai da dama.

Me ya sa ake yin kwanon rufi da tudu da kwari?

Don ƙarfi. Ɗauki takarda ka riƙe gefe ɗaya, za ta lanƙwashe ta faɗi. Ninka ta kunya-kunya ka sake riƙewa, za ta tsaya har ta ɗauki biro. Tuddan suna hana falle lanƙwashewa ta tsawonsa, kwarin kuma ya zama hanyar ruwa. Wani injiniya a Ingila, Henry Palmer, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1829. In ka yaga kwali za ka tarar da irinta a tsakiya.

Da gaske ne "zango" da ake faɗa a rediyo yana da alaƙa da igiyar ruwa?

Da gaske ne. Saƙon rediyo yana tafiya ne hawa da sauka kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tozo ɗaya da na gaba ita ake aunawa da mita. Idan mai gabatarwa ya ce a kama su a kan mita 19 ko 25 ko 41 a gajeren zango, wannan tazarar yake faɗa. Wanda ya zaɓi kalmar zango ya iya Hausa, domin zango shi ne tsakanin masauki da masauki a tafiyar fatake.

Yaya ake amfani da waɗannan kalmomi a kan mutum da halinsa?

Idan aka ce wane ba ya lanƙwasuwa, ana nufin ba a juya shi. Yabo ne ko zargi, ya danganta da wanda ake magana a kai: alƙalin da kuɗi ba sa lanƙwasa shi abin alfahari ne, yaron da uwarsa ta kasa lanƙwasa shi abin kuka ne. Ana lanƙwasa harshe idan ana kwaikwayon maganar wasu mutane ko ana koyon baƙon yare, ana lanƙwasa murya wajen rarrashi. Wanda aka ƙure shi ko zazzaɓi ya kayar da shi, ya yi laƙwas.

Sauran kuwa kusan duk sun fi karkata wajen aibu. Murɗiya ita ce a juya gaskiya, shi ya sa ake cewa an murɗe zaɓe. Bauɗaɗɗen mutum shi ne wanda kowa ya yi gabas ya yi yamma. Idan aka ce akwai lauje cikin naɗi, ana nufin an ɓoye wani abu, domin duk yadda ka naɗe lauje a tsumma siffarsa sai ta nuna. Lanƙwasa jiki don girmamawa kuma yana da nasa kalmomin: a rusuna wa babba, a durƙusa a gaida iyaye, a sunkuyar da kai don kunya, a duƙa a yi noma. Ba a ce wa yaro "lanƙwasa ka gaida Baffa."

Da "k" ake rubuta ta ko da "ƙ"?

Da "ƙ" mai ƙugiya: lanƙwasa, tanƙwara, laƙwas. Karkata da kwana kuma da "k" ce ba ƙugiya. Faɗi "lanƙwasa" da "kwana" a jere, hannunka a maƙogwaro, za ka ji na farkon yana ɗan tsalle. Yawancin wayoyin hannu yanzu suna da allon rubutu na Hausa a cikin saitinsu. Na kan ce wa ɗalibaina su dubi harafin da kyau kafin su rubuta: sandar "k" ce aka lanƙwaso kanta.